Daga Baure Zuwa Madina, Awa Nawa Ne?

   

Garinmu Baure ba shi da filin jirgin sama. Muna can ƙuryar gabashin ƙasar Daura a Jihar Katsina, ga Jamhuriyar Nijar ta arewa da mu, ga Babura ta Jihar Jigawa a maƙwabtaka. Wanda ya tsaya a Babban Mutum, in ya ƙara gaba kaɗan ya shiga ƙasar Magarya ke nan. Jirgi kuwa iyakarmu da shi mu hango farin layinsa can ƙololuwar sama, yara suna tsalle suna ɗaga masa hannu. Ɗan Baure in zai hau jirgi, galibi ɗayan biyu ne, ko dai filin Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, ko kuwa na Malam Aminu Kano.

Amma duk da haka, ki je gidan biki ko na suna ki zauna cikin mata, da wuya a watse ba ki ji wata ta ce, "Ai yanzu nesa ta zo kusa, Saudiyya fa awa biyar ce kawai" ba. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta cika ba. To wannan awa biyar ɗin nake so mu ɗora a sikeli yau, domin kuwa Allah Ya nufe ni da yin tafiyar, kuma gani ya kori ji.

A shekarar 2023 ne Goggona, yayar mahaifinmu, ta ce ita kam bana sai Makka in Allah Ya yarda. Shekara da shekaru tana kiwo, aka kora shanun kasuwar Mai'aduwa aka sayar, Yayanmu mai fataucin riɗi ya cika sauran. Kujera a shekarar ta kusa Naira miliyan 3, kuɗin da muke ganin ya kai maƙura, ashe da sauran kallo, tunda a 2025 sai da ta haura miliyan 8. Da yake Goggo na fama da ciwon gwiwa, kuma akwai hidimar da namiji ba zai iya yi wa mace ba, sai aka ce a biya har da ni in riƙa kula da ita. Ranar da Yaya ya faɗa mini, wallahi ban runtsa ba har asuba.

Ranar Litinin da ƙarfe 7 na safe muka bar ƙofar gida, bayan an sha koke-koke da yafe-yafe kamar waɗanda ba za su dawo ba. Daga Baure muka bi ta Zango muka shiga Daura, inda muka tsaya Goggo ta yi sallama da wata ƙanwarta da ke aure kusa da rijiyar Kusugu. Sallamar tsofaffi kun san ta, sai an tuna wanda ya mutu da wanda aka haifa. Daga nan muka miƙe ta Mashi har Katsina. Tafiyar duka wajen kilomita 140 ce, amma ba mu shiga sansanin alhazai ba sai ƙarfe 10 da rabi. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

A sansani muka kwana. Ba laifin kowa ba ne, haka abin yake. Mutum fiye da 400 ne za su shiga jirgi ɗaya, kowa sai an duba fasfonsa da bizarsa da katin allurarsa, an ba shi kuɗin guzuri, an auna jakarsa, an buɗe an ga abin da ke ciki. Nan na ga tsohuwar da ta ƙulla daddawa da kuka a cikin zani tana rantsuwa ba ta iya cin abincin Larabawa, na ga wadda aka raba da goronta tana hawaye. Malaman bita kuma ba su gaji da nanata mana magana ɗaya ba: kada ki karɓi ajiyar kowa, ko da ƙullin yaji ne, kuma ki tsaya a kan jakarki har a liƙa mata takarda. Suna da hujja. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina saboda wata jaka mai ƙwaya da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai da ta yi wata 4 a tsare kafin gaskiya ta yi halinta a watan Afrilun 2019.

Sai ranar Talata da la'asar aka kwashe mu zuwa filin jirgi. Muka yi magariba a can, muka yi isha'i a can, sannan wajen ƙarfe 10 na dare aka fara kiran layi. Da Goggo ta ɗaga kai ta ga girman abin da za mu shiga, sai ta ja ta tsaya a gindin matakala ta riƙe mini hannu gam.

"Ke 'yar nan, wannan gidan benen ne zai tashi da mu?"

Na ce, "Shi ne Goggo."

Ta ce, "La haula. To Allah Ya sa matuƙin ya yi barcin rana."

Ƙarfe 11 daidai jirgi ya ɗiba a guje, ya ɗaga hanci, fitilun Katsina suka koma kamar an watsa garwashi a faranti, can kuma suka ɓace. Kunnuwana suka toshe, cikina ya yi wani irin juyi, Goggo kuwa ta rufe ido tana ta jan carbi. Ba a yi minti 15 ba Yaya ya leƙo daga kujerar baya ya ce mini, "Ke, kin san nisan da muka ci yanzu ya kai daga Baure zuwa Katsina?" Abin da ya ci mana awa 3 da rabi jiya, har da sallamar Daura, ga shi an haɗiye shi kafin a kawo mana ruwan sha. Ikon Allah!

To bari in ɗan zama malamar lissafi, kada ku tsuke fuska, ba mai wuya ba ne. Daga filin jirgin Katsina zuwa na Madina, in aka ja zare a miƙe, wajen kilomita 3,600 ne. Zuwa Jidda wajen 3,500. Daga Kano zuwa Jidda kuma wajen 3,400. Babban jirgin fasinja in ya daidaita a sama, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa guda. Amma ba da wannan gudun yake tashi ba, ba kuma da shi yake sauka ba. Sai ya yi tafiya a ƙasa kamar mota kafin ya kai bakin titinsa, sai ya hau a hankali, in ya kusa kuma ya rage gudu ya sauko a hankali, wani lokacin ma a ce ya yi ta shawagi har wanda ke gabansa ya sauka. Saboda haka ga dabarar da Yaya ya koya mini: ki raba nisan da 800, abin da ya ba ki ki ƙara masa rabin awa.

Mu gwada. 3,600 a raba da 800, awa 4 da rabi ke nan, a ƙara rabi, ya zama 5. Kun ga inda awa biyar ɗin matan biki ta samo asali. Kano zuwa Abuja wajen kilomita 360 ne a sama, lissafi ya ba da kusan awa 1, kuma haka ake yi. Kano zuwa Legas wajen 830, awa 1 da rabi. Abuja zuwa Landan wajen 4,800, awa 6 da rabi. Iska takan ƙara ko ta rage 'yan mintuna, dangane da ko tana tura jirgin ta baya ko tana tare shi ta gaba, amma dabarar ba ta cika nisa da gaskiya ba. Duk saurayin da ya zo zance yana cika miki baki wai ya yi awa 3 a sama daga Kano zuwa Abuja, ki yi murmushi kawai ki miƙa masa ruwa.

Sai dai mu ba awa 5 muka yi ba, kusan 7 muka yi. Dalili kuwa, hanyar da jiragen alhazanmu suka saba bi ita ce su ratsa Chadi, su ratsa Sudan, su tsallake Bahar Maliya, sai Saudiyya. To ranar 15 ga Afrilun 2023, 'yan makonni kafin fara jigilar alhazai, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar Sudan. Ashe sama ma tana da iyaka da ƙofa kamar ƙasa, kowace ƙasa da nata, ba a shiga sai da izini. Dole jirage suka riƙa zagaye, mu ta kudu aka yi da mu, ta Kamaru, aka yi ta tafiya har aka ɓullo ta Habasha sannan aka juyo arewa. Zagaye kuwa mai yake sha, shi ya sa kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin Dala 250 a kan kowace kujera a shekarar. Ki duba fa, harsashin da aka harba a Hartum ya taɓa ƙullin zanin tsohuwar da ke Baure. Katsina ba ta matsa ba, Madina ba ta matsa ba, amma tafiya ta ƙaru da awa 2.

Da na yi wa Goggo wannan bayani can tsakar dare, lokacin tsoro ya sake ta har ta ci shinkafar da aka kawo, sai ta yi shiru, sannan ta ce, "Sudan? Ai a can ƙanin kakanmu ya kwanta." Nan ta buɗe mini labarin da ban taɓa ji ba duk zamana da ita.

Ta ce kakansu da ƙaninsa sun bar ƙasar Daura da jaki ɗaya da buhun gero, tun Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Kafin su tashi sai da kakan ya raba gadonsa, ya biya bashin da ke kansa, ya ba matarsa zaɓi ko ta jira ko ya sauwaƙe mata, domin a wancan zamani mai niyyar Makka da mai shirin lahira kusan shirinsu ɗaya. Suka bi ta Gumel da Haɗeja suka shiga Barno, suka wuce ta garin da ake kira Fort Lamy a da, wato Njamena ta yanzu, suka yi Abeche a ƙasar Wadai, suka shiga Darfur ta Junaina da Fashir, suka kai Ubayyid, suka kai bakin kogin Nilu. Daga can sai Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa a tsallaka Jidda. Ba a miƙe ake yin ta ba. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma damina guda ko biyu, ko a yi ɗinki, ko a koyar da allo, a tara abin da za a ƙara gaba. Da aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, mutanenmu da yawa a nan suka riƙa yada zango suna ƙwadago. Wasu sun ƙarasa, wasu sun yi aure sun zauna, wasu ƙasa ta rufe musu ido a hanya. Har gari guda ke akwai a bakin Shuɗin Nilu mai suna Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, zuriyarsu na jin Hausa da Fulatanci.

"Shekara bakwai ya yi," in ji Goggo. "Ya tafi da baƙin gemu ya dawo da furfura, shi kaɗai, ba ƙanin ba jakin. Ɗan da ya bari a goye shi ya fara tarar sa a bakin rijiya, ya ce masa, Malam wa kake nema?"

Na ce, "Matar fa Goggo, ta jira?"

Ta harare ni. "Da ba ta jira ba, da daga ina kika fito?"

Na yi dariya har ta kusa da mu ta farka. Amma da na jingina da taga ina kallon duhu, sai na shiga lissafi. Matafiyi mai ƙarfi da jaki yakan ci kamar kilomita 25 zuwa 30 a yini. Jirginmu yana cin wannan a minti 2. Wato kafin Goggo ta gama tauna loma ɗaya, mun yi tafiyar da kakanta ya yi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, da ƙaya a ƙafa da ƙishirwa a maƙogwaro.

Masu mulki ma a da ba su tsira daga nisan ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi aikin hajji a 1921, kuma ta Legas ya bi, ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya nufo Jidda. Sai da ya yi kudu, ya yi arewa, sannan ya fuskanci gabas, tafiyar watanni. Jirgin sama kuwa bai taɓa sauka a Kano ba sai a watan Nuwamban 1925, lokacin da wasu ƙananan jirage 3 na sojan Ingila suka taso daga Masar, suka yi kusan mako guda suna yada zango kafin su iso. Yau Alƙahira zuwa Kano awa 4 ce da 'yan kai. Daga ƙarshen shekarun 1940 ne Alhaji Mahmudu Ɗantata da abokansa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da ake kira WAPA, aka fara da motoci, daga baya aka koma jirgin sama. Ku da kuke jin ana cewa Wapa a Fagge, wajen 'yan canji, to daga nan sunan ya fito.

Wani abin da ya ɗaure wa tsofaffin jirginmu kai shi ne agogo. Muna cikin tafiya sai ga alfijir ya keto ta taga, alhali agogon hannuna bai kai lokacin da ladanin unguwarmu ke kiran assalatu ba. Hayaniya ta tashi, wasu na cewa a yi taimama a yi salla, wasu na cewa lokaci bai yi ba. Abin da ya faru shi ne, gabas muke tafiya, wato muna tarar rana a hanya. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, tsakanin Katsina da Madina kuwa akwai wajen digiri 32, shi ya sa agogon Saudiyya ke gaban namu da awa 2. Mun tashi 11 na dare, mun sauka 8 na safe agogon Madina. Mai kallon takarda zai ce awa 9 muka yi, nan kuwa a Baure ƙarfe 6 ne, ko kunun safe ba a dama ba. Ku lura da wannan in kuna karanta tikiti: lokacin tashi na garin da aka tashi ne, lokacin sauka na garin da aka sauka ne. Wadda mijinta ko saurayinta ke can kuma, in ya ce zai kira ƙarfe 10 na dare, ta tambaye shi goman wa, tasa ko tata, kada a yi fushin banza.

Saukar jirgi ba ita ce isowa ba. Akwai layin duba fasfo, a ɗauki hoton yatsu da na ido, a jira kaya, a jira mota. A nan ne ma tafiyar wasu takan tsaya cak. A watan Satumban 2012 mata alhazan Najeriya fiye da 1,000 aka tsare a filayen jirgin Jidda da Madina a kan maganar muharrami, aka juyo da wasu ɗaruruwa gida ba su ga Ka'aba ba. Sun yi awa biyar ɗin zuwa, sun yi ta dawowa, amma ba su je ko'ina ba. Daga baya Saudiyya ta sassauta wannan doka. Mu dai Allah Ya taimake mu, ƙarfe 12 na rana agogon can muka ajiye jaka a masauki, Goggo ta hango koren ƙubbar masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta fashe da kuka, ni ma na taya ta.

Yanzu mu dawo kan lissafin da na ce ku riƙe. Daga ƙofar gidanmu ranar Litinin 7 na safe, zuwa ƙofar masauki ranar Laraba 10 na safe agogon gida, awa 51 ke nan. A cikinsu 7 kacal muka yi a sama. Sauran 44 a mota ne, da kan tabarma, da kan layi. Kuma Makka na nan gaba, wajen kilomita 450 daga Madina, muka yi ta a bas kusan yini guda bayan mun ɗaura niyya a miƙati, ko da yake akwai jirgin ƙasa mai gudun tsiya da aka buɗe a 2018 wanda ke yin ta a ƙasa da awa 3.

Ba zan ba ku labarin aikin hajji a nan ba, wannan sai an ware masa shafinsa. Abin da ya shafi zancenmu shi ne matan da na tarar a Makka. A bayan masaukinmu da ke unguwar Misfala, kullum da yamma za ki ga mata Hausawa sun jera kuloli suna sayar da tuwo da miyar kuka, da fura, da ɗanwake, ido na kan hanya, da an ce ga askar sai kowa ta suri kayanta. Su ake kira takari. A wajen ɗaya daga cikinsu nake sayen tuwon Goggo, har muka saba. Bakinta na ƙasarmu ne sak, da na tambaya ta ce ai ita ma daga wajen Daura take. Ba za ta girme ni da shekara 5 ba.

Na ce, "Yaya, yaushe za ki gida?"

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ƙanwata, da zan zo cewa aka yi awa biyar ce, in ban ji daɗi ba in juyo. Bana shekarata bakwai."

Shekara bakwai, daidai da na kakan Goggo mai jaki. Wata hajiya ce ta zo har ɗakin mahaifiyarta da turare da atamfa, ta ce za ta kai ta aikin gida, wata biyu ta biya kuɗin jirgi, sauran duk nata ne, ta yi kayan ɗaki na gani na faɗa. Da bizar Umra aka shigo da ita. Suna sauka aka karɓe fasfon wai za a adana mata. Biza ta ƙare, ba ta da iƙama, wato takardar zama, bashin kuɗin jirgi kuma kullum ƙaruwa yake. Yanzu hanyar gida ɗaya ce ta rage mata, a kama ta a kai ta gidan tsare baƙi na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, ta jira ranar da za a sa ta a jirgi da kayan jikinta. A watan Janairun 2021 ɗaruruwan 'yan Najeriya aka kwaso daga irin wannan tsarewa aka sauke a Abuja.

Kada a ce na ce duk wadda ta tafi ta shiga uku. A'a. Akwai 'yan Kano-Jidda masu fataucinsu da mutuncinsu, suna zuwa suna dawowa da tikitinsu a jaka. Akwai waɗanda aure ya kai su, akwai masu karatu, akwai ma masu aikin gidan da suka shiga ta ƙofa, da takardun aiki na gaskiya, suka dace da mutanen kirki har suka yi gini a gida. Amma ko su ɗin, ƙafarsu a ɗaure take da kafili, wato wanda ya ɗauke su, domin sassaucin da Saudiyya ta yi wa dokar ma'aikata baƙi a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Ni a ganina, duk wanda ya zo miki da zancen awa biyar, ki bar shi ya gama, sannan ki tambaye shi wace irin biza ce, ta ziyara ko ta aiki, domin bizar Umra ba ta halatta aiki. Ki tambaye shi fasfonki a hannun wa zai kwana, kuma tikitin dawowa wa zai riƙe. In ya fara kame-kame yana cewa ke dai ki dogara ga Allah, ki kai maganar gaban mahaifinki ko mai unguwa. Akwai kuma hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, wadda aka kafa a 2003, tana da ofishi a Kano.

Mu dai da aka gama aiki ta Jidda muka dawo, ta wannan tashar alhazai mai rufi kamar jerin farin tantuna da aka buɗe a 1981. Nan ma mun kwana a kan kayanmu kafin a kira mu. A dawowa agogo ya biya mu bashin da ya ci: muka tashi 10 na safe agogon Jidda, muka sauka Katsina wajen 2 da rabi na rana, kamar awa 4 da rabi muka yi, alhali 6 da rabi ce. Damina ta riga ta sauka, tun daga sama na ga ƙasa ta yi kore shar, gero ya kai gwiwa. Kafin a fito da kaya, a yi lodi, a bi ta Mashi da Daura da Zango, sai bayan isha'i muka shiga Baure, yara na bin motar da gudu suna ga alhazai, ga alhazai.

Kwana uku gidan bai rabu da jama'a ba, kowa na son dabino da kurɓin zamzam, 'yan mata na leƙen bakina ko na sa haƙorin Makka. A rana ta huɗu da hantsi, bayan an rage, sai ga wata dattijuwa daga bayan kasuwa ta yi sallama, ta zauna a bakin tabarma ba ta ko taɓa dabinon ba. 'Yarta ta tafi tun 2019, wayar ƙarshe da suka yi da ita ta kusa shekara. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wani ɗan hoto da ya fara dusashewa, ta miƙa wa Goggo da hannu biyu.

"Hajiya, na ce ko Allah Ya sa kun gan ta a can? An ce mini garin ba shi da nisa."

Goggo ta karɓi hoton ta daɗe tana dubawa, ta miƙo mini, ni ma na duba. Ba ita ce mai tuwon Misfala ba. Goggo ta ce in tashi in zuba wa baiwar Allah zamzam a kwalba ta tafi da shi, in kuma kwafi lambar da yarinyar ta yi kira da ita, Yaya ya aika wa wani abokinsa da ke Jidda ko za a dace.